Me ya sa kamfanin layinka ya ƙi daina turo maka talla duk da ka ce ba ka so?

Jama'a wannan maganar ta saƙonnin talla da kamfanonin waya ke cika mana waya da su ta fi yadda muke ɗaukarta sarƙaƙiya, shi ya sa zaka ji wani yana cewa ai ni na tura STOP tun tuni amma har gobe ba su fasa ba, wani kuma ya ce shi kam tunda ya tura sau ɗaya ya huta, kuma dukkansu biyun gaskiya suke faɗa. Abin da ya raba su shi ne saƙonnin nan da muke gani kamar iri ɗaya ne, ba daga wuri ɗaya suke fitowa ba, ba kuma ta hanya ɗaya suke shigowa wayar ba, dan haka abin da zai tsayar da wannan ba lallai ya taɓa wancan ba.

Toh su waye ma ke turowa? Akwai shi kansa kamfanin da ya sayar maka da layin, mai turo maka sayi data kaza ka samu ninki, ari kati ka biya daga baya, koma wannan tsarin kiran ya fi sauƙi. Akwai wasu kamfanonin daban da ba ruwansu da sadarwa, masu caca da masu ba da bashi da masu inshora da 'yan siyasa lokacin zaɓe, waɗanda ke sayen saƙo da yawa a hannun dillalan saƙo, su kuma dillalan suna da yarjejeniya da kamfanin layin cewa saƙonsu zai bi ta kansa. Akwai masu sabis ɗin nan na gajeriyar lamba, waƙar kira da labaran ƙwallo da shawarwarin lafiya da sauransu, waɗanda ke raba kuɗin da suka cira maka da kamfanin layin. Sai kuma 'yan damfara, su ba ma talla suke ba, farauta suke. Idan ka lura da kyau, a cikin ukun farko duk kamfanin layin yana da rabo, kuma wannan shi ne tushen matsalar gaba ɗaya.

Na farkon, wato shi kamfanin layin, shi ya fi wuyar sha'ani. Kai idan zaka tura tes sai an cire maka kuɗi, shi kuwa kamfanin a kan na'urorinsa yake turawa, kusan ba abin da yake kashewa ko da miliyoyin mutane zai aika wa a rana ɗaya. Ga shi kuma babu ɗan kasuwar da ya san ka kamar yadda ya san ka: ya san nawa ne a layinka yanzu haka, ya san yaushe datarka za ta ƙare, ya san irin wayar da ka saka sim ɗin a ciki, ya san ka kwana biyu ba ka sa kati ba wataƙila ka koma amfani da ɗaya layin. Ba wani ma'aikaci ba ne ke zaune yana rubuta maka, kwamfuta ce aka tsara mata cewa duk wanda datarsa ta yi ƙasa zuwa kaza a tura masa wannan, duk wanda ya yi mako bai kira ba a tura masa wancan. Shi ya sa wani lokaci tallar ke zuwa daidai lokacin da kake buƙata har ka ji kamar suna kallonka, to kusan hakan ne ma. Kuma ko mutum ɗaya cikin ɗaruruwa ne ya saya, sun ci riba, sauran da suka ji haushi kuwa ba su yi asarar komai a kansu ba tunda da wuya mutum ya jefar da layinsa saboda tes.

Inda rigimar take a kusan kowace ƙasa shi ne bambance sanarwa da talla. Doka ba ta hana kamfani ya gaya maka datarka ta kusa ƙarewa ba, ko za a yi gyara netwok zai ɗauke, ko an canza farashi, wannan ma haƙƙinka ne ka sani. Amma idan suka ce datarka ta kusa ƙarewa, danna kaza ka sayi sabon tsarinmu mai garaɓasa, wannan mene ne? Su za su ce sanarwa ce, kai kuma ka san talla ce aka sa mata rigar sanarwa. An taɓa yin wannan takaddamar a fili a Birtaniya. A shekarar 2019 hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasar wato ICO ta ci tarar kamfanin layin waya na EE fam dubu 100 saboda ya tura wa kwastomominsa saƙonni sama da miliyan 2.5 yana kwaɗaita musu amfani da manhajarsa da kuma sabunta wayoyinsu, ba tare da amincewarsu ba. Kamfanin ya ce shi a ganinsa saƙonnin sabis ne, hukumar ta ce a'a, da zarar ka cusa talla a cikin saƙon sanarwa to dokar talla ta hau kansa. Ni a ganina wannan hukuncin shi ne daidai, kuma da kowace hukuma za ta riƙe wannan ma'aunin da gaske da rabin saƙonnin nan sun ɓace.

Amma fa ita dokar ma ta bar musu kafa a wurare da dama. A Birtaniyar dai, dokar 2003 da ta shafi tallar intanet da waya ta yarda kamfani ya tallata wa wanda ya riga ya zama kwastomansa kaya makamantan wanda ya saya, ba sai ya nemi izini na musamman ba, muddin ya ba shi damar ƙi tun farko kuma yana ba shi damar a kowane saƙo. A Amurka akwai dokar TCPA ta 1991 mai kare jama'a daga kira da saƙon talla, wadda ke da zafi sosai, mutum zai iya neman diyyar dala 500 a kan kowane saƙo ɗaya da aka tura masa ba bisa ƙa'ida ba, ta kai har dala 1,500 idan da gangan ne, amma duk da haka hukumar sadarwa ta ƙasar wato FCC ta daɗe da cewa kamfanin layi ba ya buƙatar ƙarin izini kafin ya tuntuɓi nasa kwastomomin idan ba a cajinsu kuɗin saƙon. Kaga ke nan wanda ya fi kowa damar damunka shi ne wanda doka ta fi sassauta wa. Sannan ga maganar amincewa, wadda yawancinmu mun riga mun bayar ba mu sani ba, a takardar rajistar layi ko a dogon rubutun nan na sharuɗɗa da ke fitowa idan ka sauke manhajarsu, wanda tsakani da Allah babu mai karantawa, danna na yarda kawai ake a wuce.

Saboda koke ya yi yawa ne ƙasashe da dama suka fito da tsarin nan na kar a dame ni, wanda aka fi sani da DND. A Najeriya hukumar sadarwa ta NCC ta tilasta wa kamfanoni shi a tsakiyar 2016 da lamba 2442: ka tura STOP zuwa 2442 a rufe maka tallace-tallace gaba ɗaya, ka tura HELP su nuna maka rukunoni kamar harkar banki da ilimi da lafiya da wasanni da addini ka zaɓi wanda kake so ya riƙa shigowa, STATUS ya gaya maka matsayin layinka, ALLOW kuma ya buɗe komai ya koma yadda yake, kuma kyauta ne. A Indiya lambarsu 1909 ce ƙarƙashin hukumar sadarwarsu ta TRAI. Yadda abin ke aiki ba wani sihiri ba ne, jerin lambobi ne kawai ake ajiyewa, duk lokacin da dillalin saƙo ya turo tarin talla sai na'ura ta gwada lambobin da ke ciki da wancan jerin, wanda ta samu ya yi rajista ta cire shi kafin a aika. Wannan yana aiki sosai a kan masu talla na waje, shi ya sa wanda masu caca da masu bashi ne ke damunsa yake ganin sauƙi nan da nan. To amma wa ke riƙe da jerin, wa ke tacewa? Shi dai kamfanin layin. An ba kura ajiyar nama ke nan. Nasa saƙon ba sai ya bi ta inda ake tacewa ba, musamman idan ya riga ya sa masa suna sanarwa.

Wani abu da ya kamata mutum ya sani kafin ya rufe gaba ɗaya: saƙon kamfanoni hanya biyu yake bi, akwai ta talla akwai ta saƙonni masu muhimmanci irin su alat na banki da lambar OTP, wato lambar tantancewa da ake amfani da ita sau ɗaya. A ƙa'ida DND ta talla kawai yake rufewa, dan haka alat ɗinka bai kamata ya tsaya ba. Sai dai hanyar talla ta fi araha, to wasu ƙananan masu tura saƙo, makaranta ko ƙungiya ko wani shafin intanet da ke turo lambar tantancewa, sai su bi ta can dan su rage kashe kuɗi, sai kai kuma ka zauna kana jiran lambar shiga ba ta zo ba kana zagin netwok. Ko a matakin ƙasa an ga irin wannan. Indiya ta kawo sabbin dokoki a 2018 da suka ce sai kowane kamfani ya yi rajistar sunan da yake tura saƙo da shi da ma tsarin rubutun saƙon, da aka fara tacewa da gaske a watan Maris na 2021 sai lambobin OTP na bankuna da sauransu suka riƙa maƙalewa saboda da yawa ba su kammala rajistar ba, har sai da hukumar ta ɗage abin na mako guda. Dan haka idan ka kunna DND sai ka ga wani saƙo da kake jira ya daina zuwa, ka san inda zaka fara dubawa.

Sai maganar amsa saƙo da STOP kai tsaye, wadda mutane ke ruɗewa a kanta. Idan saƙon daga gajeriyar lamba ya zo, ko shi da kansa ya rubuta tura kaza dan ka daina karɓa, kuma ka tabbata halastaccen kamfani ne, to tura. Amma yawancin tallar da suna take zuwa ba da lamba ba, zaka ga sunan kamfanin ko wata kalma a sama, wannan sunan haruffa ne kawai da ba su wuce 11 ba da mai turawa ya rubuta, babu wata lamba a bayansa da amsarka za ta je, shi ya sa wayar ma wani lokaci ba ta ba ka wurin rubuta amsa, ko ka tura ya dawo bai tafi ba. Kuma tunda rubutawa ake yi, a inda ba a tsananta rajistar sunaye ba ɗan damfara ma zai iya rubuta sunan kamfanin layinka ko na bankinka, wayarka kuma ta ɗauki saƙonsa ta jera shi a ƙarƙashin na gaskiya kamar daga wuri ɗaya suka fito. Irin wannan ba a amsa shi ko da STOP ne, dan amsar tana gaya masa layin yana raye akwai mutum a bayansa, kuma ba a taɓa link ɗin da ke ciki ko da an rubuta danna nan ka daina karɓar saƙo. A Amurka da Birtaniya ana tura irinsu zuwa 7726 kyauta, kamfanin ya bi sawun mai turawa. Lambar ba ta kowace ƙasa ba ce, kowa ya duba wadda ke aiki a inda yake.

Yanzu ga inda masu cewa na yi DND amma bai yi aiki ba suka fi yawa: abin da ke damunsu sam ba tes ba ne irin wanda aka sani. Akwai saƙon nan da ke faɗowa kan fuskar waya kai tsaye ya rufe abin da kake yi, ba ya shiga akwatin saƙo, kana rufe shi ya ɓace. Akwai wanda ke fitowa daga cikin shi kansa sim ɗin, dan sim ba roba ba ce kawai, akwai ƙaramar manhaja a cikinsa da kamfani ke iya aika wa umarni ta nuna maka rubutu da maɓallin OK da na Cancel. Akwai tallar da suke liƙawa a ƙarshen amsar duba balans, da wadda ke fitowa bayan ka gama kira, da kiran nan da zaka ɗauka ka ji muryar na'ura ko waƙa, da sanarwar manhajarsu idan ka sauke ta. Kowanne da inda ake kashe shi. Mai OK da Cancel ɗin nan shi ne mafi haɗari wallahi, saboda yana faɗowa ne kana tsakiyar danne-danne, yatsa ya riga ya tafi, ko yaro na wasa da wayar, ko tsohuwa da ba ta karanta Turanci ta danna dan ta kawar da shi, shikenan an yi maka rajistar wani sabis da zai riƙa cirar kuɗi kullum ko duk mako yana sabunta kansa, kuɗin kaɗan-kaɗan ne yadda ba zaka lura ba sai dai ka riƙa cewa katin nan ba ya auki. Wannan ya wuce damu ya koma asara. DND ba ya soke rajistar da aka riga aka yi, sai ka bi ta daban. A Najeriya tun da aka haɗe gajerun lambobin kamfanoni a 2023, *305# ita ce ta tsayar da irin waɗannan sabis a kowane layi, 300 kuma ta masu kula da kwastomomi. A Android ka nemi manhajar SIM Toolkit, a iPhone kuma akwai SIM Applications a cikin saitin layi, wasu kamfanonin suna sa wurin kashe saƙon faɗowar a can, wasu kuwa sai ka kira su.

Idan ka zo kiran, yadda ka faɗi maganar yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Idan ka ce ku daina turo min saƙo, ma'aikacin zai duba ya ga kana kan DND ya ce ai an riga an yi, ya sallame ka. Abin da zaka ce shi ne a cire lambarka daga tallar shi kansa kamfanin, ta tes da ta kira da ta saƙon faɗowa, sannan a karanto maka duk wani sabis da ke kan layin ana cirar kuɗi a soke shi. Ka karɓi lambar ƙorafi ka ajiye. Kafin nan ma ka leƙa manhajarsu ko shafinsu, da yawa suna da wurin zaɓin talla a ɓoye can cikin saitin sirri, kuma kusan kullum a kunne zaka same shi. Bayan haka ka ba su 'yan kwanaki, dan wasu saƙonnin an riga an jera su a layi, kuma kar ka goge waɗanda suka zo bayan ka yi ƙorafi, ka ɗauki hotonsu yadda suna da rana da lokaci za su fito, mai faɗowa kan fuska kuwa sai ka ɗauka nan take dan ba ya barin sawu. Wannan ita ce hujjarka idan za ka wuce gaba.

Gaban kuwa ita ce hukuma, kuma kusan ko'ina sharaɗinsu ɗaya ne, sai ka fara kai kuka wurin kamfanin bai share maka hawaye ba, shi ya sa lambar ƙorafin nan take da amfani. A Najeriya layin NCC na karɓar koke shi ne 622. Akwai kuma wata hanyar da mutane ba su cika bi ba alhali ta fi ƙarfi a takarda, wato dokar kare bayanai. Dokar GDPR ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Mayu na 2018 ta ce idan mutum ya ƙi a yi amfani da bayanansa wajen yi masa talla kai tsaye to dole a daina, babu wani uzuri da kamfani zai kawo, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta ba da irin wannan haƙƙin. Amfanin wannan hanyar shi ne ba ta tsaya kan ta wace hanya saƙon ya shigo ba, tambayarta kawai ita ce an yi amfani da lambarka da bayananka dan a tallata maka abu bayan ka ce ba ka so? Imel ɗaya gajere zuwa sashen kare bayanai na kamfanin, ka ambaci dokar ƙasarku, sau da yawa ya fi kira goma, dan shi rubutu ne da za a iya nuna wa hukuma gobe. Ba ina cewa ƙorafin mutum ɗaya zai girgiza kamfani ba, amma hukumomi da yawan koke suke aiki, ita kanta shari'ar EE ɗin da koke ta fara.

Toh mai cewa ni ba ni da lokacin duk wannan, bari kawai in toshe su a wayata? Za ka iya, amma ka san abin da ka saya. Idan ka toshe sunan kamfanin layinka, ka toshe har da saƙon da ke gaya maka katinka ya shiga, datarka ta ƙare an koma cin kuɗin kira, ko an nemi canza sim ɗinka, wanda shi ne saƙon da ba ka so ya wuce ka ko kaɗan. Dan haka ni na fi ganin a kashe ƙarar saƙonnin kamfanin kawai, saƙon ya shigo shiru ka duba lokacin da ka ga dama. Manhajar Google Messages tana da kariya daga saƙon banza da ke ware su gefe, iPhone kuma yana da saitin tace saƙon waɗanda ba ka da lambarsu, duk suna taimakawa, sai dai ka riƙa leƙa inda suke zubawa dan wani lokaci suna haɗawa da na kirki. Manhajojin waje masu alƙawarin tace saƙo kuwa a yi hattara, kafin su tace sai sun karanta duk saƙonninka har da na banki, wasu ma har da lambobin da ke wayarka suke kwasa, ka gudu daga talla ka miƙa abin da ya fi tallar tsada.

Kuma ko ka yi nasara abin yana iya dawowa, ba wai ka yi kuskure ba ne. Idan ka koma wani kamfanin da lambarka, ko aka yi maka sabon sim bayan na da ya ɓata, ko ka shiga wata garaɓasa da a cikin sharuɗɗanta akwai yarda da talla, zaɓin da ka yi a baya zai iya gogewa. Wanda ya sayi sabon layi kuma ya ga talla da saƙon masu bin bashi tun ranar farko, yawanci lambar wani ce da ya daina amfani da ita aka sake sayarwa, tana nan a jerin duk inda mai ita na da ya taɓa bayarwa. Dan haka duk lokacin da ka taɓa wani abu babba a layinka, ka sake tura STATUS ko makamancinsa a ƙasarku, ka duba jerin sabis ɗin da ke kan layin, sannan ka yi wa iyaye da tsofaffin gida haka a wayoyinsu su ma, dan su ne aka fi cirar wa kuɗi ta wannan maɓallin OK ɗin ba tare da sun taɓa sanin an yi ba.